Me ya kai ɗan Duke cikin 'yan tawaye? Amsa kan Lord Edward FitzGerald

Wani malamin tarihi a makarantar sakandare ya aiko min da tambaya. Yana shirya darasi kan juyin juya halin Faransa da yadda gobararsa ta taɓa maƙwabta, sai ya ci karo da sunan Lord Edward FitzGerald na ƙasar Ailan. Ga yadda ya sa ta: "Mutumin da aka haifa cikin daula, ɗan majalisa, hafsan sojan Ingila, me ya rasa har ya shiga tawayen 1798? Kishin talaka ne da gaske, ko rigimar 'ya'yan manya ce aka yi wa ado?"

Malam, tambayarka ta yi kyau, amma kafin mu kai ga mutumin sai mun shiga gidansu, domin rabin amsar tana can.

Zuriyar FitzGerald ta shigo tsibirin Ailan tare da mayaƙan Norman tun 1169, suka kafa kansu a yankin Kildare, yamma da Dublin. Sun daɗe har suka zama 'yan ƙasa, kuma sun sha yin fito-na-fito da sarakunan Ingila. Wani daga cikin magabatan gidan, wanda ake yi wa laƙabi da Silken Thomas, ya yi wa Sarki Henry na Takwas tawaye a 1534, aka kashe shi a Landan a 1537 tare da baffanninsa biyar. Manoman Kildare ba su manta da wannan ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka suke kallon duk wani FitzGerald da ya ɗaga murya. Amma zuwa ƙarni na 18 gidan ya daɗe da zama Furotesta, ya shirya da gwamnati, ya tara ƙasa mai yawan gaske. Mahaifin Edward, James, shi ya gina katafaren gidan nan na Dublin da ake kira Leinster House a shekarun 1740, kuma a 1766 aka naɗa shi Duke na Leinster, wanda babu sarautar da ta fi ta a tsibirin. Mahaifiyarsa, Emily Lennox, 'yar Duke na Richmond ce a Ingila, kakanta kuwa ɗan Sarki Charles na Biyu ne da ya haifa a waje. Yayarta Caroline ita ta haifi Charles James Fox, jagoran 'yan adawa a majalisar Landan. Ka ga ko ta ina ka ɓullo wa yaron nan, jinin mulki ne.

An haifi Edward ranar 15 ga Oktoba 1763. Ga abu na farko da ɗalibanka za su iya kuskurewa: kalmar "Lord" da ke gaban sunansa ba sarauta ba ce, laƙabin girmamawa ne da ake bai wa ƙananan 'ya'yan Duke. A tsarinsu babu rabon gado irin wanda muka sani. Babban ɗa namiji shi ke kwashe sarauta da gidaje da kusan dukkan gonaki, ƙannensa a ba su ɗan abin riƙewa, su nemi soja ko coci ko majalisa. Emily ta haifa wa Duke 'ya'ya 19, kuma Edward yana da yayye maza a gabansa. Abin da ya samu ɗan yanki ne na gonaki a Kildare. Ba talaka ba ne ko kusa, amma a cikin manya shi ƙaramin mai hali ne, kuma an nuna masa hakan a fili lokacin da ya nemi auren 'yar kawunsa Georgiana Lennox. Kawun ya hana, aka ba wani magajin babban gida.

Tarbiyyarsa ma ba irin ta tsaransa ba ce. Emily ta kamu da ra'ayin masanin nan Rousseau, mai cewa a bar yaro ya tashi kusa da ƙasa da iska, kada a kulle shi a aji. Ta ware gida a bakin teku a Blackrock, mai suna Frescati, ta ɗauko wani ɗan Sikotilan, William Ogilvie, ya zama malamin gida. Yaran suna wanka a teku, suna noman lambu da hannunsu. Edward bai rabu da son lambu ba har ya mutu. Da Duke ya rasu a 1773, shekara ba ta yi nisa ba Emily ta auri malamin nan, abin da ya zama abin tsegumi a Dublin da Landan, suka kwashe yara suka koma Faransa na wasu shekaru. To yaron da ya ga uwarsa, matar Duke, ta auri malamin haya don ta ga dama, kuma ya tashi yana jin Faransanci kamar harshen gida, ba abin mamaki ba ne in ya girma bai ɗauki bambancin asali da tsarki ba.

Ya shiga soja yana matashi, aka tura shi yaƙin da Ingila ke yi da Amurkawa masu neman 'yanci. Ranar 8 ga Satumba 1781, a yaƙin Eutaw Springs da ke Karolina ta Kudu, aka ji masa mummunan rauni, yana ɗan shekara 17. Wani baƙar fata da ya tsero daga bauta, Tony Small, shi ya ɗauke shi daga filin daga ya yi jinyarsa. Tun daga ranar ba su rabu ba. Tony ya bi shi Ailan, ya bi shi Kanada, yana tare da iyalinsa har ƙarshe. Masu son Edward suna yawan kawo wannan a matsayin shaidar cewa ba ya kallon launin fata, kuma wasiƙunsa sun nuna ƙauna ta gaskiya. Ni dai nakan ƙara da cewa duk tsawon shekarun nan Tony bara ne a gidan, ana biyansa, Edward kuma ubangida. A riƙe duka biyun.

A 1783 ya dawo gida, yayansa William, Duke na biyu, ya ba shi kujerar majalisa ta garin Athy. Na ce "ya ba shi" da gangan. A nan ya kamata ka tsaya da ɗalibanka, don in ba su gane majalisar Dublin ba, ba za su gane komai ba. Kujeru 300 ne a majalisar wakilai. 64 na gundumomi 32, biyu na jami'ar Trinity, sauran 234 na garuruwa ne, kuma mafi yawan garuruwan nan suna aljihun wani mai ƙasa. Wasu ma masu zaɓen ba su wuce goma sha wani abu ba, duk yaran mai gida. Ana sayar da kujera kamar yadda ake sayar da gona. Sannan 'yan Katolika, waɗanda su ne kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a, ba su da damar zama a majalisar, kuma tun 1728 aka ƙwace musu ƙuri'a. 'Yan Firesbiteriya na arewa, 'yan kasuwa da masaƙan Belfast, su ma Furotesta ne amma ana yi musu kallon saniyar ware, suna biyan zakkar cocin Angilika da ba nasu ba.

Akwai wata doka ta 1704 da nake so ka duba, don ta nuna yadda ake mayar da gado makami. Dokar ta ce idan mai ƙasa ɗan Katolika ya mutu, a raba gonarsa tsakanin dukkan 'ya'yansa maza, sai fa in babban ɗan ya koma Furotesta, to shi zai cinye duka. Wato Furotesta ƙasarsu na taruwa a hannu ɗaya tana ƙara girma, ta Katolika kuma tana dagargajewa, ko ta sauya addini. Cikin shekaru saba'in abin da ya rage a hannun 'yan Katolika ya koma ɗan tsiri. A 1782, da ƙoƙarin Henry Grattan da matsin lambar dakarun sa-kai, majalisar Dublin ta samu 'yancin yin doka ba tare da Landan ta yi mata gyara ba. Aka yi ta murna. Sai dai ikon zartarwa yana nan a Fadar Dublin, hannun wakilin sarki da Landan ke turowa, shi kuma yana sayen rinjaye da muƙamai da fansho. Wannan majalisar Edward ya shiga yana ɗan shekara 20, ya zauna a ɓangaren adawa kamar sauran 'yan gidansu, ya yi shiru mafi yawan lokaci. Ba mai iya jawabi ba ne, kuma zaman ya gundure shi.

Bayan an hana shi aure ya koma bakin aikin soja a New Brunswick ta Kanada a 1788. A 1789 ya keta daji cikin dusar ƙanƙara zuwa Quebec, ya bi manyan tafkuna, wani shugaban ƙabilar Mohawk mai suna David Hill ya karɓe shi a matsayin ɗan dangi a Detroit, sannan ya gangara kogin Mississippi har New Orleans. Wasiƙun da ya riƙa aika wa mahaifiyarsa cike suke da sha'awar rayuwar da babu mai tambayar nawa ka gada kafin a ba ka mata. Kana jin ciwon Georgiana a ciki. Ya dawo a 1790 ya tarar an zaɓe shi wakilin gundumar Kildare.

Inda ya karya kwana shi ne Paris, ƙarshen 1792. Ya sauka wurin marubucin nan Thomas Paine, kuma a wata liyafa da 'yan Birtaniya mazauna birnin suka yi ranar 18 ga Nuwamba, aka yi fatan a shafe duk wata sarautar gado, shi kuma ya ce daga yau a kira shi ɗan ƙasa Edward FitzGerald kawai. Labari ya kai Landan, aka kore shi daga soja. A watan Disamba ya auri wata budurwa mai suna Pamela, wadda wata marubuciya Bafaranshiya, Madame de Genlis, ta rena, kuma jama'a da yawa suna cewa 'yar Duke na Orléans ce. Ka lura da abin dariyar: mutumin da ya yar da laƙabinsa a Nuwamba, a Disamba ya auro wadda ake dangantawa da gidan sarautar Faransa. Ya kawo ta Dublin daidai lokacin da aka fille kan Sarki Louis na 16 a Janairu 1793, matan manya suka juya mata baya. A ƙarshen wannan watan ya miƙe a majalisa ya ce wakilin sarki da masu rinjayen majalisar su ne mafi sharrin talakawan da sarki yake da su. Aka yi ca a kansa, aka tilasta masa ba da haƙuri.

Har zuwa nan za ka iya cewa zafin kan ɗan gata ne, kuma ba zan musa maka ba. Abin da ya mayar da shi ɗan tawaye na gaske shi ne rufewar ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar United Irishmen, wadda Wolfe Tone da abokansa suka kafa a Belfast a Oktoba 1791, da farko a fili take aiki. Buƙatarta a gyara majalisa, kuma Katolika da Angilika da Firesbiteriya su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A 1793 aka mayar wa 'yan Katolika masu ɗan hali ƙuri'a, amma ba kujera. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa, gwamnati ta fara kallon duk mai neman gyara a matsayin ɗan koren Faransa, ta murƙushe ƙungiyar a 1794. A farkon 1795 aka turo Earl Fitzwilliam wakilin sarki, mutane suka sa rai zai buɗe wa Katolika majalisa, cikin 'yan makonni Landan ta janye shi. Daga nan ƙungiyar ta koma ta asiri, da rantsuwa, da tara makamai. Edward ya shiga a 1796, kuma a 1797 ya ƙi sake tsayawa takara, yana ganin zaɓe a ƙarƙashin bakin bindiga wasa ne.

Me ya kawo musu? Abu biyu da ba su da shi. Shugabannin lauyoyi ne da likitoci da 'yan kasuwa, shi kuwa ya ga yaƙi da idonsa, ya san yadda ake tsara runduna. Na biyu, sunan. Manomin Kildare da bai taɓa karanta Paine ba zai ɗauki mashi don ɗan gidan FitzGerald ya ce a ɗauka. Wato ƙungiyar da ke son shafe sarautar gado, da kwarjinin sarautar gado take tara mayaƙa. Kuma sunan nan ya yi ta shiga masa hanci. A 1796 ya tafi Hamburg da Suwizalan tare da wani jigon ƙungiyar, Arthur O'Connor, don neman taimakon Faransa, amma hukumomin Paris ba su yarda ya shiga ƙasar ba saboda alaƙar matarsa da gidan Orléans, sai O'Connor ne ya gana da Janar Hoche na sojan Faransa. A Disamba 1796 jiragen ruwa 43 ɗauke da sojoji wajen 14,000 suka taso daga tashar Brest ta Faransa ƙarƙashin Hoche. Guguwa ta tarwatsa su, jirgin Hoche ya ɓace wa sauran, waɗanda suka kai gaɓar Bantry a kudancin Ailan suka yi kwanaki suna kallon tudu ba su sauka ba, suka juya. A ganina a nan aka yi asarar tawayen, shekara ɗaya da rabi kafin a fara shi, domin daga nan gwamnati ta farka. A 1797 Janar Lake na sojan gwamnati ya bi arewa gida-gida yana ƙwace makamai, da ƙone-ƙone da bulala.

Shugabannin suka rabu biyu. Su Thomas Addis Emmet suna cewa a jira Faransa ta dawo, Edward da O'Connor suna cewa in aka ƙara jira babu abin da zai rage. A takarda suna da mutane kusan 280,000 da suka yi rantsuwa. Wa Edward ya miƙa wa takardar lissafin? Thomas Reynolds, wani ɗan kasuwar siliki da ke hayar gidan Kilkea a hannun Duke, wanda Edward ya ɗauka yaron gida ne ya ba shi muƙamin kanar. Da ɗan gari kan ci gari. Reynolds ya kai rahoto, ranar 12 ga Maris 1798 aka yi wa shugabannin lardin Leinster kamun kazar kuku a gidan Oliver Bond. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Har lauyan da ke kare 'yan ƙungiyar a kotu, Leonard McNally, yana karɓar kuɗin gwamnati, ba a gane ba sai bayan mutuwarsa.

Edward ya tsira ranar, ya shiga ɓuya a cikin Dublin kusan mako goma. An ruwaito cewa Lord Clare, shugaban alƙalai kuma babban maƙiyin ƙungiyar, ya aika wa dangin cewa su fitar da yaron nan daga ƙasar, ba wanda zai tare shi a tashar jirgin ruwa. Gwamnati ba ta son rataye ƙanin Duke na Leinster. Wannan gatan ba a yi wa masaƙin Belfast ko manomin Wexford ba. Ya ƙi tafiya, ya ce ya riga ya jawo mutane cikin haɗari, ba zai bar su ba. Idan kana neman amsar "da gaske yake?", a nan take, ba a liyafar Paris ba. Amma a ɓuyan ma ya nuna rauninsa. Mutum ne mai fara'a da yarda da kowa, wanda duk Dublin ta san fuskarsa, yakan fita yawo, baƙi suna shiga suna fita wurinsa. A watan Mayu aka sa fam 1,000 a kansa. Wani lauya ɗan ƙungiyar, Francis Magan, ya tsegunta inda yake ta hannun mai jarida Francis Higgins.

Da yammacin 19 ga Mayu yana kwance ba shi da lafiya a ɗakin sama na gidan Nicholas Murphy, mai sayar da gashin tsuntsu a titin Thomas, sai Manjo Swan da Kyaftin Ryan suka faɗo. Ya tashi da wuƙa ya sassoke su, Manjo Henry Sirr ya harbe shi a kafaɗa. Ryan ya mutu bayan kwanaki. Aka kai Edward kurkukun Newgate na Dublin, aka umarci Pamela ta bar ƙasar.

Tawayen ya tashi daren 23 ga Mayu babu shi. Alamar da aka shirya ita ce a tare kekunan dokin da ke ɗaukar wasiƙu daga Dublin, duk garin da bai ga nasa ya iso ba ya san lokaci ya yi. Dublin kanta ba ta motsa ba. Kildare ta tashi, aka murƙushe ta, kuma ranar 29 ga Mayu a Gibbet Rath sojoji suka kashe sama da mutum 300 da suka zo miƙa makamai. A Wexford aka fi gwabzawa har zuwa yaƙin Vinegar Hill ranar 21 ga Yuni, kuma a can 'yan tawaye ma sun yi ta'asa: a Scullabogue sun ƙone rumbu da fursunoni sama da 100, mafi yawansu Furotesta. Haɗin kan da Tone da Edward suka yi mafarki ya ƙare da kisan addini a wurare da dama. Faransawa sun iso a watan Agusta, mutum wajen 1,000 ƙarƙashin Janar Humbert, bayan an gama komai, suka miƙa wuya a Satumba. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a watannin nan yana kamawa daga 10,000 zuwa 30,000.

Edward bai ga mafi yawan wannan ba. Raunin ya ruɓe, zazzaɓi ya kama shi, aka hana dangi ganinsa. Ƙanwar mahaifiyarsa, Lady Louisa Conolly, ta roƙi wakilin sarki Camden ya ƙi, sai Lord Clare ɗin nan ne ya raka ta da kansa, ita da yayan Edward, Henry, a daren ƙarshe. Ya cika ranar 4 ga Yuni 1798, yana da shekara 34.

To, kishin talaka ko rigimar manya? Hukuncina shi ne gaskiyarsa ba ta da shakka, amma ba irin kishin da kake nufi ba ne. Abin da ya dame shi 'yancin siyasa ne: jamhuriya, ƙuri'a ga kowane namiji, daina fifita wani addini, yanke igiyar Landan. Ya aske gashinsa gajere irin na 'yan juyin Faransa, ya bar keken doki yana tafiya a ƙasa, yana rawa da mutanen ƙauye. Amma kuɗin hayar gona yake ci har ya mutu, kuma bai bar wani tsari ba kan yadda za a yi da ƙasar da ke hannun irin yayansa, alhali wannan ne ciwon manomin da ya ɗauki mashi dominsa. Jarumi ne, mai amana, kuma maras iya makirci, a cikin aikin da makirci ne kashin bayansa. Idan ɗalibi ya rubuta maka cewa ya sadaukar da daularsa, ka ba shi maki rabi, ka tambaye shi wace daula, tunda ta yayansa ce. Abin da ya bayar ransa ne, a lokacin da aka buɗe masa hanyar tsira.

Bayan mutuwarsa majalisa ta yi doka ta ƙwace dukiyarsa daga hannun 'ya'yansa uku, ba a soke ta ba sai 1819. Majalisar kanta ba ta daɗe ba: a 1800 ta kaɗa ƙuri'ar rushe kanta, aka haɗe Ailan da Birtaniya daga 1 ga Janairu 1801, bayan an biya masu aljihun garuruwan nan diyyar kujerunsu. Pamela ta mutu a Paris a 1831 cikin rashi. Leinster House, gidan ubansa, tun 1922 a cikinsa majalisar dokokin Ailan mai 'yanci take zama. Shi kuwa an binne shi da dare, ba taro, a ƙarƙashin cocin St Werburgh da ke kusa da Fadar Dublin, kuma da Manjo Sirr ya mutu a 1841, a harabar wannan cocin aka binne shi.